Sauya ma'auni a lissafin dokokin gas

Sauya ma'auni a lissafin dokokin gas shi ne mayar da matsi, girma, zafi da yawan gas zuwa ma'aunan da suka dace da juna kafin a fara lissafi. Ana koyar da shi a darasin kemistri na babbar sakandare, yana kuma fitowa a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB. Ɗalibi kan haddace doka tsaf amma ya faɗi tambaya don ya gauraya awo biyu, kamar ɗan kasuwar da ya sayi gero da tiya a Jega ya zo yana lissafin riba da mudu.

Asalin ma'aunan

Yawan ma'aunan gado ne na tarihi, domin kowane masani da abin awon da ke hannunsa ya yi aiki. A wajen 1643 ko 1644, Evangelista Torricelli na Italiya ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa bakinsa cikin kwanon zaiba. Zaibar ba ta zube duka ba, ta tsaya a tsawon kusan milimita 760, nauyin iska ne ya riƙe ta. Daga nan aka samo awon matsi da tsawon zaiba, wato mmHg. A 1648 Blaise Pascal ya sa mijin 'yar'uwarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon hawa. Saboda haka 760 awon gaɓar teku ne. A gari kamar Gusau, wanda ya ɗara teku tudu da fiye da mita 400, zaiba ba ta kai nan.

Robert Boyle ya wallafa dokarsa a 1662: idan zafi bai sauya ba, ninka matsi yana rage girman gas da rabi. Shi da inci ya auna zaibarsa. Faransawa suna jingina dokar ga Edme Mariotte, wanda ya gano ta daga baya, a wajen 1676.

Batun zafi ya fi ɗaukar lokaci. Ana cewa Jacques Charles ya yi gwajinsa a wajen 1787 bai wallafa ba, Joseph Gay-Lussac ne ya fito da shi a 1802 ya ambaci sunansa. Sun lura cewa gas iri-iri suna kumbura daidai da juna idan aka ƙara musu zafi. Idan aka bi layin lissafin a koma baya, girman zai ƙare a digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. A kan wannan iyaka William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya gina ma'auninsa a 1848. Kafin nan, a 1834, Émile Clapeyron ya haɗa dokokin cikin lissafi ɗaya, wanda yau ake rubutawa PV = nRT, inda P ke nufin matsi, V girma, n yawan gas a mol, T zafi a kelbin, R kuwa lamba ce tsayayya ta gas.

Daidaita ma'aunan ya zo a makare. Sai a 1954 aka tsayar da atmosfiya ɗaya, wato matsin iska a gaɓar teku, a kan adadin da yau ake kira faskal 101,325, sunan faskal da mol, ma'aunin yawan ƙwayoyin abu, kuwa a 1971 suka shiga SI, wato tsarin ma'auni na duniya. Ita kanta lita, daga 1901 zuwa 1964 ta ɗan ɗara dm³ ɗaya, domin da kilo guda na ruwa ake fassara ta.

Zafi

Nan ne kuskure ya fi muni. Dole a mayar da Salshiyas zuwa kelbin ta ƙara 273, ko 273.15 inda ake son tsantseni. Sifirin Salshiyas daskarewar ruwa kawai yake nunawa, ƙwayoyin gas suna nan suna motsi.

A ce mai faci a Birnin Kebbi ya ba tayar mota iska da safe zafi yana digiri 20, da rana ya kai 40. Wanda ya raba 40 da 20 zai ce matsin ya ninka. A kelbin kuwa daga 293 ne zuwa 313, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Akwai wani tarko kuma: gejin mai faci yana nuna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne kaɗai. Idan ya nuna 30 a psi, ma'aunin matsin da ke jikin gejin, ainihin matsin kusan 44.7 ne. Da rana zai kai kusan 47.8, gejin ya nuna 33.

Matsi da girma

Atmosfiya 1 daidai take da mmHg 760, ko kPa (kilofaskal, wato faskal 1,000) 101.325, ko kusan psi 14.7. Lita 1 ita ce dm³ 1 ko cm³ 1,000, kuma m³ 1 lita 1,000 ce. A dokar Boyle kowane ma'auni ya yi, muddin iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Zaɓen R

A PV = nRT babu wannan sassauci, R ce ke fayyace komai. Mai amfani da 8.314 sai ya sa matsi a faskal, girma a m³. Mai amfani da 0.0821 sai atmosfiya da lita. Mol ɗaya a kelbin 300 da atmosfiya 1 yana cika lita 24.6 ta kowace hanya. Wanda ya haɗa 8.314 da atmosfiya zai sami 2,494, fiye da ninki 100 na amsar gaskiya. Idan da giram aka ba da gas, a fara raba shi da nauyin mol ɗaya.

Saɓani kan s.t.p.

S.t.p. na nufin daidaitaccen zafi da matsi. A 1982 IUPAC, ƙungiyar masana kemistri ta duniya, ta mayar da daidaitaccen matsi kPa 100, inda mol ɗaya ke cika dm³ 22.7. Jarrabawar sakandare a Najeriya na nan kan kelbin 273, mmHg 760 da dm³ 22.4.