Sarrafa laima a wuraren ninkaya na cikin gida

Sarrafa laima a wurin ninkaya na cikin gida shi ne daidaita zafi da danshin iskar zauren da aka rufe ruwan ninkaya a ciki. Ruwan ɗumi kullum yana tashi ya zama tururi, kuma idan bai samu mafita ba sai ya koma raɓa a tagogi da bango da ƙarafan rufi. Tururin na ɗauke da sinadarai daga kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ya fi laimar banɗaki ɓarna nesa ba kusa ba.

Tarihi

Hatsarin da aka fi ambata a wannan fanni ya faru ne a garin Uster na ƙasar Suwizalan ranar 9 ga Mayu, 1985. Silin kankare na wani wurin ninkaya ya rufto kan masu ninkaya, mutum 12 suka mutu, bayan ginin ya yi kusan shekara 13 ana amfani da shi. Sandunan da ke riƙe da silin ɗin na ƙarfen da ake ce wa mara tsatsa ne, amma iska mai kulorin ta yi ta tsattsaga su a hankali a saman silin, inda ruwa ba ya wanke su, ido kuma ba ya kaiwa. Makamancin haka ya sake faruwa a Steenwijk ta ƙasar Holan a 2001. Rufin Transvaal Park, wani wurin wasan ruwa a Mosko, ma ya rushe a 2004, mutum 28 suka rasu, sai dai an yi ta jayayya kan musabbabinsa.

Yadda ake yi

Injiniyoyi kan riƙe danshin tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, iskar kuma ta ɗara ruwan zafi da digiri 1 zuwa 2 don rage tashin tururi. Zafin ruwan da ake gasar ninkaya a ciki yana tsakanin digiri 25 zuwa 28. Na'urar tsotse laima tana aiki kamar firji: iska ta bi ta kan bututu masu sanyi, ruwan cikinta ya ɗiga a kwashe, zafin da aka samu a mayar wa iskar ko ruwan. Ana hura busasshiyar iska a jikin gilasai don kada su yi gumi. Warin sinadaran kulorin da ke sa ido yaji yakan kwanta dab da saman ruwa, daidai hancin mai ninkaya, don haka ake zuƙe shi daga ƙasa.

Da dare ana lulluɓe ruwan da marufi don rage tururi.