Ba gwamnati ce ta kashe mazaɓar Trinity-Spadina ba

Har yanzu akwai masu cewa gwamnatin Stephen Harper, firaministan Kanada na lokacin ɗan jam'iyyar Conservative, ce ta shafe mazaɓar Trinity-Spadina da ke tsakiyar birnin Toronto a 2015, wai don 'yan adawa ne ke cin ta. Zancen yana da daɗin ji, amma dokar Kanada ba ta ba firaminista wannan almakashi ba.

Tun 1964 aka ƙwace aikin shata iyakokin mazaɓu daga hannun 'yan siyasa. Bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma, kowane lardi yana samun hukuma ta mutum uku: alƙali wanda babban jojin lardin ya zaɓa, sai mutum biyu da kakakin majalisar wakilai ya naɗa. Jama'a na kawo koke a zaman sauraro, 'yan majalisa ma na iya ƙorafi, amma hukumar ce ke yanke magana.

An fara zaɓe a mazaɓar a 1988. Dan Heap na jam'iyyar New Democratic Party (NDP) ya fara riƙe ta, Tony Ianno na Liberal ya karɓe a 1993, Olivia Chow ta NDP ta kayar da shi a 2006. Sai dogayen benaye suka yi ta tsirowa a bakin tafkin Ontario, inda a da layin dogo da masana'antu ne. Ƙidayar 2011 ta samu mutum sama da 140,000 a cikinta.

Nan ne sashen da ke rikita mutane. Ana raba yawan mutanen lardi da yawan kujerunsa, abin da ya fito shi ne ma'auni. A Ontario a lokacin, kusan 106,000 ne. Doka ta yarda mazaɓa ta haura ko ta gaza wannan da kashi 25 cikin 100, ba ƙari, sai in akwai dalili na musamman. Trinity-Spadina ta riga ta fasa rufin. Kuma kawuna ake ƙirgawa, ba masu ƙuri'a ba: jariri da baƙon da bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba duk suna cikin lissafi. Shi ya sa aka tsaga ta, kudancin titin Dundas ya koma Spadina-Fort York, arewacinsa ya faɗa University-Rosedale. Babu wanda ya rasa ƙuri'arsa, sunan mazaɓar da ke kan katin da hukumar zaɓe ke aikowa gida ne ya sauya.

To, adalci ne? A ganina kashi 25 ɗin nan ya yi faɗi. Da ma'aunin Ontario na lokacin, mazaɓa mai mutum 80,000 da mai 132,000 duk halal ne a lardi ɗaya, kowacce da wakili guda. Kotun ƙolin ƙasar ta ce a 1991 abin da tsarin mulki ya lamunta shi ne wakilci mai inganci, ba daidaiton lissafi tsantsa ba. Hujjar ta zauna a wuri irin yankin Labrador na gabashin Kanada mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a, amma talakan birni ne ke biyan kuɗinta, don shekara goma yake jira kafin a gyara.

Masu zargin Harper kuwa su duba sakamakon 2015: Adam Vaughan da Chrystia Freeland, duka 'yan Liberal masu adawa da Harper, su suka kwashe sababbin kujerun biyu.