Ruwan ramin kwal: yadda ake janye shi, da aikin tafkin kwantar da laka

Me ya sa ramin haƙar kwal ba ya rabuwa da ruwa?

Da zarar haƙa ta wuce inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, ruwa zai riƙa tsattsafowa ta bangon rami ba dare ba rana. Ga kuma na sama. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne, don haka milimita 50 a kan hekta 100 lita miliyan 50 ke nan, kuma duk gangare yake nema. A Janairun 2008 ambaliya ta cika ramin Ensham da ke jihar Queensland a Ostareliya, har ta shanye wani katafaren injin haƙa. Ko abin bai kai haka ba, bangon da ya sha ruwa yakan zaftare, manyan motoci kuma su kafe.

Yaya ake fitar da shi?

Ana haƙa kududdufi a wuri mafi zurfi don ruwa ya taru, a sa injin jan ruwa, sau da yawa a kan abin da ke yawo a saman ruwa don kada ya zuƙi taɓo. Inda ruwan ƙasa ya yi yawa, sai a zagaye ramin da rijiyoyin burtsatse a janye shi tun bai shigo ba. Haka ake yi a ramukan kwal na Hambach da Garzweiler a Jamus. Illar wannan ita ce rijiyoyin maƙwabta da fadamu su ƙafe, shi ya sa a Garzweiler ake mayar da wani kaso na ruwan cikin ƙasa domin kada dausayin yankin Schwalm-Nette ya ƙafe.

A ganina, aikin da ya fi duk waɗannan riba shi ne magudanar da ke karkatar da ruwa mai tsabta tun daga tudu. Ruwan da bai shiga rami ba ba ya cin man inji, ba ya bukatar magani.

Me zai hana a zuba ruwan kai tsaye cikin rafi?

Laka. Tana cike kwarin rafi, ta binne ƙwan kifi, ta ɓata wa mutanen gangare ruwan sha. Shi ya sa ake fara tura ruwan cikin tafki, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da ruwa har lakar ta kwanta. Tun 1851 masanin kimiyya George Stokes ya nuna cewa idan kaurin ƙwayar laka ya ragu da rabi, saurin nutsewarta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Yashi yana kwantawa nan take, laka mai laushi sai ta ɗauki sa'o'i, yumɓu kuwa yana iya kwanaki yana yawo. Saboda haka ake son tafki dogo, mashiga nesa da mafita, a kuma riƙa ɗibar ruwa daga sama. Mai injin ja ma da hannunsa a ciki: idan ya turo ruwa da ƙarfin da ya fi abin da tafkin zai ɗauka, sai ya tayar da lakar da ta riga ta kwanta.

Idan yumɓun ya ƙi kwantawa fa?

Sai a sa alif ko makamancinsa, ƙwayoyin su dunƙule su nutse. Amma ruwa ya yi garau ba shi ne lafiyarsa ba. Kwal yakan zo da wani dutse mai ƙarfe da farar wuta da ake kira pyrite, wanda idan ya haɗu da iska da ruwa yake haifar da asid. Alamarsa jan tsatsa a bakin magudana. Wannan sai an kashe kaifinsa da farar ƙasa. A Amurka doka ta ce ma'aunin pH (mai nuna ƙarfin asid) na ruwan da za a saki ya tsaya tsakanin 6 da 9, daskararrun da ke yawo a ciki kuma kada su wuce miligiram 70 a lita ɗaya a kowace rana.

Yaya girman tafkin ya kamata ya zama?

Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar haƙar kwal ta Amurka ta 1977 sun ce tafki ya iya ɗaukar ruwan saman sa'a 24 mafi ƙarfi da ake sa ran samu sau ɗaya a shekara 10. Kowace ƙasa da nata ma'auni.

A ina aka fi yin sakaci?

A wajen yasa. Tafkin da laka ta cinye rabinsa, rabin lokacin da aka tsara zai riƙe ruwa, alhali daga sama ba a ganin bambanci. Ya kamata a kafa sanda mai alama, a yashe tun kafin damina, a kuma rage ruwan bayan kowane ruwan sama domin na gaba ya sami wuri.

Sai madatsar da ke riƙe ruwan tafkin. A ranar 26 ga Fabrairun 1972, madatsar dagwalon kwal ta ɓalle a Buffalo Creek, jihar West Virginia a Amurka, bayan kwanaki ana ruwa, mutum 125 suka rasu. Dole a riƙa bin bango da ƙafa ana duba tsaga, ramin ɓera, bishiyar da ta yi saiwa, da mafitar ambaliya ko ta toshe. Idan aka ga ruwa mai duhun laka yana tsiyayowa daga gindin madatsa, to cikinta yake ci: a dakatar da turo ruwa, a rage na ciki, a sanar da mutanen gangare, a kira injiniya a ranar.