Waiwaye: yadda mai goyon bayan Manchester United ya saba da shan duka

Ranar 5 ga Maris 2023 aka tafi hutun rabin lokaci a Anfield, filin Liverpool, masu gida na da ƙwallo ɗaya, United ba ta da komai. Hankalin masu goyon bayan United a kwance yake, domin mako ɗaya kacal da ya wuce ƙungiyar ta doke Newcastle 2-0 a Wembley ta ɗaga kofin Carabao, kofinta na farko tun 2017. Da aka dawo, kafin a cika minti biyar Nunez da Gakpo sun mayar da shi uku. Salah ya zura biyu, Nunez ya ƙara, Firmino ya taso daga benci ya rufe da ta bakwai. Rabon da a yi wa United 7 da nema tun 1931, lokacin da Wolves ta yi mata haka. Ni dai a ƙwallo ta biyar na kife wayata, na ci gaba da kallo kamar wanda ya je gaisuwar mutuwa ya rasa yadda zai yi sallama.

Masu cewa ba a taɓa lallasa ƙungiyar ba a zamanin tsohon kocinta Alex Ferguson sun manta ne. A Satumban 1989 Manchester City ta yi mata 5-1, kuma kafin shekarar ta fita wani mai goyon baya ya ɗaga ƙyalle a Old Trafford, filin United, yana cewa shekara uku ana kawo uzuri, Fergie ya kama gabansa. A Oktoban 1996 Newcastle ta ci ta 5-0, har Philippe Albert, ɗan baya, ya ɗaga wa mai tsaron gida Schmeichel ƙwallo ta saman kai. Bayan kwana shida Southampton ta ƙara mata 6-3. Amma wa ya ɗauki Firimiya a ƙarshen wannan kaka? United. Chelsea ta yi mata 5-0 a 1999, amma United ta lashe gasar da ratar maki 18. A wancan zamani, idan aka casa ƙungiyar, mai goyon baya yakan haɗiye ne ya ce bari mu ga wanda tsautsayi zai haɗa da mu a mako mai zuwa.

Ko 6-1 ɗin da City ta yi a Old Trafford a Oktoban 2011, wanda ya fi zafi, bai karya wannan imani ba. Ya dai yi tsada: ƙungiyoyin biyu suka gama da maki 89 kowacce, City ta ɗauki kofi da bambancin ƙwallaye takwas, alhali wasan nan guda ya juya lissafin da goma. Ferguson bai yi dogon surutu ba. Ya sayo Van Persie daga Arsenal, ya ɗauko wa ƙungiyar kofin lig na 20 a 2013, ya yi ritaya. David Gill, wanda ke riƙe da harkar gudanarwa da cinikin 'yan wasa, shi ma ya sauka a wannan bazara, ragama ta koma hannun Ed Woodward, mutumin banki.

Daga nan dukan ya sauya kama. MK Dons, ƙungiyar rukuni na uku, ta yi wa United ta koci Van Gaal 4-0 a 2014. Everton ta yi wa ta koci Solskjaer 4-0 a 2019, Tottenham ta zo har gida ta zuba 6-1 a 2020. Duk da haka akwai tazara tsakanin wannan da wancan, mutum na samun sararin numfashi. Abin da ya fara ranar 24 ga Oktoba 2021 shi ne bai bar sarari ba. Liverpool ta ci huɗu a Old Trafford tun kafin hutu, dubban mutane suka nufi ƙofa ba su jira zagaye na biyu ba. Pogba ya shigo bayan hutu, minti goma sha biyar ya karɓi jan kati. Kyamara ta hasko Ferguson yana girgiza kai, ta kuma hasko Kenny Dalglish, tsohon kocin Liverpool, yana dariya. Aka tashi 5-0, uku na Salah ne. Watford ta yi 4-1 aka sallami Solskjaer. A hannun kocin riƙo Rangnick, City ta ci 4-1, Liverpool 4-0, Brighton 4-0. Sabon koci Ten Hag ya zo, a wasansa na biyu Brentford ta zura huɗu cikin minti 35, washegari ya soke hutu ya sa 'yan wasa gudun kilomita 13.8, tazarar da Brentford ta fi su gudu a fili. A Oktoba City ta yi 6-3. Sannan aka zo kan 7-0.

Duk wanda ya bi fushin magoya baya a waɗannan shekaru zai ga yana tafiya ne hawa-hawa. Da farko kan koci yake sauka, aka canza Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, har aka gaji da yarda cewa matsalar mutum ɗaya ce. Sai ya koma kan 'yan wasa, Maguire ya sha ihu har daga nasa. A nan ina ganin an yi rashin adalci: wanda ya biya fam miliyan 80 ya sayo shi ya kamata a tambaya, ba wanda aka saya ba.

Amma akwai waɗanda tun farko suka nuna inda gizo ke saƙa. A 2005 iyalin Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar kan kusan fam miliyan 790, mafi yawa da kuɗin rance, suka kuma ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba a bin ta. Wasu magoya baya suka fice a shekarar suka kafa FC United of Manchester. A 2010 aka fara rataya mayafin kore da ruwan zinare, launin Newton Heath, sunan ƙungiyar na asali, har Beckham ya ɗauki ɗaya ya rataya ranar da ya zo da AC Milan. A lokacin ana cin kofuna, don haka da yawa sun ɗauke su masu neman rigima. Sai da ƙwallaye suka fara zuba aka gane maganarsu. Ranar 2 ga Mayu 2021, bayan badaƙalar Super League, gasar da wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so su kafa don kansu, mutane suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool.

Zuwan attajiri Jim Ratcliffe a farkon 2024, da kaso sama da 27 cikin 100 da ikon harkar ƙwallo, ya ɗan farfaɗo da fata, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Crystal Palace ta yi 4-0 a Mayu. Aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, aka kai tikiti fam 66 ba rangwame ga yaro ko tsoho. Ruben Amorim, kocin da ya gaji Ten Hag, da bakinsa ya ce wataƙila wannan ce tawaga mafi muni a tarihin ƙungiyar, kuma teburi bai ƙaryata shi ba: ta 15 a Firimiya a kakar 2024-25, da maki 42, ga shan kashi a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. A Maris 2025 magoya baya suka yi tattaki zuwa fili sanye da baƙaƙen kaya.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan kaka ba shi da yawan ƙwallaye. Bournemouth ce ta zo Old Trafford a Disamban 2024 ta ci 3-0, daidai yadda ta yi a Disamban 2023. Na laluba raina ko zan ji zafin da na ji a 2011, ban samu ba. Abokina, wanda shekara da shekaru ba ya barin irin wannan rana ta wuce bai tsokane ni ba, ko saƙo bai turo ba. Bayan wasa Amorim na zaune yana amsa tambayoyin 'yan jarida, ruwa ya fara ɗiga daga rufin ɗakin.