Lasisin gidajen renon yara a Jihar Zamfara

Lasisin gidan renon yara izini ne a rubuce da hukuma ke bai wa mutum ko ƙungiya domin karɓar 'ya'yan wasu da ba su isa shiga firamare ba, a kula da su na wasu sa'o'i a rana. A Zamfara izinin ya shafi gidajen da ake ajiye jarirai da yaran goye, da makarantun nazare, da ajin da jama'a ke kira rabin aji. Ilimi yana cikin al'amuran da tsarin mulkin Najeriya ya raba tsakanin tarayya da jihohi, don haka Abuja ke zana ma'auni, Gusau ke ba da takarda da ƙwace ta.

Tarihi

Reno a ƙasar Zamfara aikin dangi ne tun asali. Uwa takan yi goyo har kusan shekara biyu, lokacin yaye kuma a kai yaro wajen kaka. Ɗan fari sau da yawa a can yake zama, saboda kunyar da al'ada ta ɗora wa iyayensa. Akwai riƙo, inda gwaggo ko inna ke ɗaukar yaro ya tashi a hannunta, akwai kuma 'yar reno, yarinyar da ke goya ƙaninta yayin da uwa ke surfe ko daka. Da yaro ya yi wayo sai makarantar allo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman takardar hukuma. Idon maƙwabta da na mai unguwa shi ne sa ido.

Renon kuɗi ya zo ne da aikin albashi. Ana danganta yaɗuwarsa da ƙaruwar mata malamai da ma'aikatan jinya, musamman bayan an cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka taru nesa da gidajen iyayensu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun kafin firamare, amma ta bar gudanar da shi ga masu zaman kansu, gwamnati ta tsaya a matsayin mai sa ido. An ɗauki shekaru a haka. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ce ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, aka kuma keɓe masa kashi 5 cikin 100 na tallafin da hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa (UBEC) ke bai wa jihohi. A wajen 2007 hukumar bincike da tsara manhajar ilimi ta ƙasa (NERDC), tare da UNICEF, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin da cibiyar renon yara za ta cika. Bugun manufar ilimi na 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya.

Dokoki

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana da sashe kan masu reno. Ta ɗora wa gwamnatin jiha ajiye rajistar masu renon 'ya'yan wasu a gida don lada, da masu gidajen reno na yaran da ba su kai shekara shida ba, ta kuma ba da ikon dubawa da soke rajista. Sai dai dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Zamfara, kamar yawancin jihohin da ke bin shari'ar Musulunci, ta jinkirta saboda saɓani kan wasu sassa, musamman shekarun aure. Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar a 2022.

Sharuɗɗa

Ma'aunin ƙasa ya fi ba wuri muhimmanci. Ana son gini mai iska da haske, nesa da juji, kwata da babban titi, a kewaye da katanga, da tsabtataccen ruwan sha, da banɗaki daidai da ƙananan yara, da filin wasa marar kwalabe ko ramuka. Ana buƙatar akwatin agajin gaggawa, da littafin da ke nuna rigakafin kowane yaro da yadda yake girma. Batun ƙasar da yara ke wasa a kai yana da nauyi na musamman a Zamfara: a 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar.

Manufar 2013 ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Ta kuma ce a koyar ta hanyar wasa, da harshen uwa ko na yankin. Wannan sharaɗi ne da aka sha takawa, domin iyaye da yawa na biyan kuɗi ne don su ji ɗansu yana Turanci.

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce takardar NCE ta kwalejin ilimi, tare da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN). Kwalejin Ilimi ta Maru da ta tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, suna cikin masu yaye malamai a jihar.

Hanyar neman izini

Mai buƙata yakan rubuta wa ma'aikatar ilimi ta jiha, ya biya kuɗin rajista, sufetoci su je su duba wuri da takardun ma'aikata. A kan fara da amincewar wucin gadi, sannan cikakkiya, ana kuma sabuntawa. Azuzuwan share fage na firamaren gwamnati suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB).

Aiwatarwa

A farkon 2021 jaridu sun ruwaito cewa gwamnatin jihar ta janye lasisin makarantun kuɗi kimanin 500 saboda rashin cika sharuɗɗa. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, matakan da aka sanar sun haɗa da dakatar da lasisin masu makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Tunda yawancin nazare a haɗe suke da firamare, irin wannan mataki yakan shafe su tare.

Masu makarantu kan koka da yawan kuɗaɗen da ake karɓa, hukuma kuma kan koka da masu buɗe makaranta a shago ko gidan haya ba izini. Matsalar tsaro ta sa zuwan sufetoci ƙauyuka ya yi wuya. Matar da ke riƙe 'ya'yan maƙwabta uku ko huɗu a tsakar gidanta, ana ba ta ɗan abin sabulu a ƙarshen wata, da wuya sunanta ya shiga kowace rajista.