Waiwaye: Yadda Taswirar Ilimi Ta Shigo Karatun Injiniya

Taswirar ilimi, wato zanen da ke nuna yadda batutuwa ke haɗe da juna, ta faro ne nesa da tsangayar injiniya. A 1972, Joseph Novak da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suna bin diddigin yadda yara ke fahimtar kimiyya. Hirarrakin da suka yi da yaran sun yi musu yawa, sai suka koma zana su: kowane batu a cikin akwati, kibiya ta haɗa shi da wani, a rubuta dangantakar a jikin kibiyar. Tushensu koyarwar masanin ilimin halayyar ɗan Adam David Ausubel ce, cewa sabon ilimi yana zama ne a kan wanda ɗalibi ya riga ya sani. Daga baya cibiyar bincike ta IHMC da ke Florida ta fitar da manhajar CmapTools, zanen ya koma kwamfuta.

Injiniyoyi kuwa matsi ne ya kawo su. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka ta sauya tambayarta daga "me kuka koyar?" zuwa "me ɗalibi ya iya?" A 2000 kuma jami'ar MIT ta Amurka da jami'o'i uku na Suwidin suka kafa tsarin koyar da injiniya mai suna CDIO. Saboda haka dole sashen jami'a ya nuna kwas ɗin da ke gina kowace ƙwarewa.

Inda abin ya fi amfani, a ganina, shi ne aikin Greg Heileman a Jami'ar New Mexico, wanda ya zana dukan kwasa-kwasan digiri da sharuɗɗan shiga kowanne. Nan take sai ka ga kwas ɗin lissafin kalkulas na shekarar farko da kibiyoyi birjik suna fita daga gare shi: zuwa fiziks, zuwa lissafin ƙarfi da nauyi, daga nan zuwa ƙarfin ƙarafa da kankare, har aikin ƙarshe. Ɗalibin da ya faɗi wannan kwas ɗaya, ƙofofi da yawa ne suka rufe masa, kuma sau da yawa malamin shekara ta huɗu bai taɓa zama da na shekarar farko ba.

Zancen ya iso gida tun da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023. Fargabata ita ce a bar wa mutum ɗaya zanen ana gobe masu tantancewa za su zo. Malaman sashe ne ya kamata su zauna su zana tare, su yi gardama a kan kowace kibiya, sannan su gyara kwas ɗin da ke tare hanya.