Ƙarar inji ba ƙarfin inji ba ce

A garejojin Maradi an daɗe ana cewa idan ka cire akwatin iskar da kamfani ya sa wa ƙaramar mota irin Starlet ko Corolla, ka ɗaura buɗaɗɗiyar matatar nan mai siffar mazurari, inji zai ƙara ƙarfi. Galibi ƙara ce kawai take ƙaruwa, kunne ya ruɗi mai mota.

Akwatin kamfani daga gaban mota yake jawo iska, inda take da ɗan sanyi. Buɗaɗɗiyar kuwa hucin inji take shaƙa. Idan iska ta ƙara zafi da digiri 10, nauyinta yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100, ƙarfin inji ma ya ragu, ga shi a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40.

Abin da ya fi damuna ƙura ce, musamman lokacin hunturu. Matatu masu arhar nan ragarsu buɗe take, lallausar ƙasa tana wucewa ta riƙa cin silinda da zoben fistan, har mota ta fara shan baƙin mai. Wadda ake shafa wa mai kuma, in ya yi yawa, yana ɓata na'urar auna iska.

In sauyawa ta zama dole, nemi mai rufaffen akwati, wadda bututunta ya kai gaban mota.